Mashin Igiya da Jan Ƙyalle

An ce wani sarki aka yi a ƙasar Sin, can inda kawunan duwatsu ke ɓacewa cikin gajimare. Yana da faɗin ƙasa da yawan runduna, yana kuma da kaifin harshe, har ya zama idan ya yanke magana a fada ko tari ba a yi a bayanta. Shi dai ba mugu ba ne a zuciyarsa, illa ba ya son a mayar masa da zance. Duk bafaden da ya taɓa ce masa, "Ranka ya daɗe, a sake dubawa," to ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa yana gadin wata ƙofa a bakin iyaka, inda sanyi ke fasa leɓe. Da haka mutanen fada suka koyi haɗiye abin da suka sani tare da miyau.

Ɗa guda Allah ya ba shi, sunansa Jinhai. Saurayi ne dogo, mai yawan dariya, wanda in ya shigo ɗaki sai ka ji kamar an buɗe taga. Takobi bai dame shi ba, baka da kibiya ma haka. Abin da ya shiga ransa shi ne wani makami da jaruman ƙasar suke ji da shi, mashin igiya. Igiya ce doguwa ta rama. A kanta akwai ƙarfe mai tsini, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, a gindin ƙarfen kuma an ɗaura wani jan ƙyalle. Ɗaya ƙarshen igiyar zarge ne da mai makamin ke sa wa a wuyan hannunsa. A ajiye abin banza ne, ka ce igiyar guga. Amma a hannun gwani sai ta tashi tana kewaya shi kamar tana da rai, ta naɗe gwiwar hannu, ta bi ta ƙarƙashin ƙafa, ta zagaye wuya, sannan ta miƙe fyau ta soki abin da yake can nesa, ta dawo hannu kafin mai kallo ya rufe baki.

Wanda ke koya wa yarima wannan sana'a wani mutum ne mai ƙarancin magana, Duwan. Tun Jinhai yana ƙarami suke tare, har ya zama in babu kowa a kusa, yaron ba ya ce masa malam, sai dai Yaya Duwan.

Da bikin sabuwar shekara ya matso, aka shirya yarima zai yi wasa a gaban jama'a. Sarki ya so ya faranta wa ɗansa rai, sai ya sa aka ƙera masa sabon mashi: tsini na zinariya, igiya ta farin alharini mai santsi kamar ruwa. Maƙerin ya kawo shi fada da jan ƙyallensa a ɗaure, yadda aka saba. Sarki ya juya shi a hannu, ya yi murmushi, sai idonsa ya faɗa kan ƙyallen.

"Wannan tsumman fa?" in ji shi. "Ɗana zai fito gaban duniya da zinariya, tsumma na binsa a baya?"

Maƙeri ya buɗe baki, ya tuna da ƙofar iyaka, ya rufe. Sarki ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke ƙyallen, ya yar a ƙasa. Da hannunsa ya miƙa wa Jinhai kyautar, ya ce, "Da wannan za ka fito." Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya yi godiya.

Ranar biki da hantsi fili ya cika, ganguna suna tashi, itatuwa sun yi fure fari fat. Yarima ya fito. Zinariya ta kama rana, ta zama kamar tauraruwar da aka ɗaure da zare, mutane suna ta sowa. Ya naɗe ta a gwiwar hannu ya sake, ya buge ta da ƙafa ta tafi ta dawo. Sannan ya zagaya ta wuyansa, ya juya baya, ya kai hannu zai tarbe ta a inda ya saba tarba. Ta riga hannun isowa. Tsinin ya same shi a bayan kunne.

Sarki bai san lokacin da ya sauko daga rumfa ba. Takalminsa ɗaya ya fita a hanya. Ya tallabo kan ɗansa a cinya, jini yana bin yatsunsa da ɗumi. Jinhai ya buɗe ido ya ce, "Baba, ka gani?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Aka binne yarima, furanni suka kaɗe, sarki ya zama wani mutum dabam. Da safe sai ya ce a kawo shayi kofi biyu, kamar kullum, a kawo, ɗaya ya huce a gabansa yana kallo. Ya hana a taɓa ɗakin yaron. Yakan shiga ya zauna a bakin gado, ya ɗauki rigar da ya cire ranar bikin ya sa fuskarsa a ciki, har wata rana ya shaƙa bai ji ƙanshin kowa ba sai na ƙura, kuma wannan rana ta fi masa ranar jana'iza zafi. Baƙin ciki in ya rasa inda zai zauna, sai ya nemi wanda zai kama. Na sarki ya kama Duwan.

Aka kawo shi fada a ɗaure.

"Kai ka koya masa?"

"Ni ne, ya sarki."

"Ka koya masa duka, ko ka rage wani abu don kada ya fi ka?"

"Duk abin da hannuna ya sani na ba shi."

"To me ya kashe shi?"

Duwan ya ɗago ya dubi fuskar sarki, ya jima yana dubanta, sannan ya mayar da kansa ƙasa. Aka sake tambaya, shiru. Sarki ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Ya ce da mashin da ya kashe ɗansa za a kashe Duwan, a filin da ɗan ya faɗi.

Waziri ya matso yana murza hannu. "Ranka ya daɗe, hauni ya ce shi takobi ya sani. Ya ce in ya wulwula abin nan kansa zai fara cirewa. Sauran masu igiya na birni kuwa duk ɗaliban Duwan ne, kowa ya ce hannunsa na ciwo."

"Shi Duwan daga sama ya faɗo? Wa ya koya masa?"

"Wani dattijo ne, Pang, yana can kan dutse, ya bar duniya da daɗewa."

"A kawo shi. Hannun da ya shuka shi ya tumɓuke."

Wannan Pang, tsofaffin mayaƙa in an ambace shi sai su rage murya. Sun ce a zamaninsa ya taɓa tsayawa shi kaɗai a kan wata siririyar gada ya hana mahara ƙetarewa, babu wanda ya iso kusa da shi har ya ga launin idonsa. Da aka aika masa da keken doki, ya ce a mayar, ƙafarsa ba ta yi masa laifi ba. Ya sauko a ƙasa, ya iso wata safiya.

Sarki yana zaune a rumfar nan ta ranar biki, Duwan yana ɗaure a jikin turke a tsakiyar fili. Sai ga wani ɗan ƙaramin tsoho, siriri kamar kara, rigarsa ta koɗe, gemunsa bai fi a ƙirga ba. Dogarai suka lalube shi ba su sami komai ba.

Waziri ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne Pang ɗin? To ina makamin naka, baba? Ko ka jinginar ka sha kunu?"

"Ga shi nan yana riƙe mini wando," in ji tsoho, ya nuna igiyar da ya yi ɗamara da ita. "In kana so in kwance yanzu, sai ka zo ka riƙe mini, kai da ka saba riƙe wa manya abubuwa."

Wani dogari ya yi dariya ta hanci, ya mayar da ita tari. Sarki bai yi ba. Tsohon ya wuce gaban turke, ya dubi Duwan, ya ce, "Ka rame, yaro." Duwan ya ce, "Malam, ka yi tafiya mai nisa saboda ni." Tsoho ya ce, "Gangara ce." Sannan ya juyo ya durƙusa gaban rumfa.

"Ka san abin da ya sa na kira ka?"

"Na sani, ya sarki. Ka rasa ɗa, kana so ni ma in rasa."

Waziri ya runtse ido. Amma sarki ya gaji da fushi ma, sai kawai ya ce, "An ce ka fi kowa sanin makamin nan. Gaya mini, me ake fara koya wa mai koyo?"

"Tarba."

"Jifa fa?"

"Jifa ko biri ya iya, ya sarki. Ba a taɓa zuwa wurina neman koyon jifa na karɓi mutum ba. Kibiya in ta tafi ta tafi, ruwanta. Wannan kuwa a hannunka take ɗaure, duk inda ka aike ta gida za ta dawo."

"Wane ƙarshe ne ya fi haɗari, mai tsini ko mai zarge?"

"Mai tsini yakan sami abokin gaba, yakan kuskure. Mai zarge bai taɓa kuskuren mai shi ba."

Sarki ya ce, "Idan tana bayan mutum, da wane ido yake ganinta?"

"Wannan ba a faɗa da baki, sai dai a nuna. Kuma dama mu a wurinmu ba a zubar da jini da igiyar da ba a gaisa da ita ba. Ka ba ni izini in fara gaisawa da tawa, sannan in gaisa da ta ɗanka. Bayan nan abin da ka ce shi za a yi."

Sarki ya ɗaga hannu. Tsoho ya ja wandonsa ya ƙulle da tazuge, ya warware igiyar daga ƙugu. Ta yi baƙi saboda gumin shekaru, ƙarfen kanta ya dushe, ƙyallenta ja ne da ya koma ruwan ƙasa. Ya ce a ɗaure masa ido. Waziri da kansa ya ɗaure, ya ƙulle tamau.

Da farko a hankali ta fara, tana lilo a gefensa kamar wutsiyar saniya. Sai ta ɗauki gudu. Ƙyallen ya kama iska yana far-far-far, kamar tattabara ta tashi. Tsohon da ya shigo yana jan ƙafa ya ɓace, wani ne dabam a tsaye a wurin. Igiya ta bi kafaɗarsa ta sauka ta gwiwa, ta fito ta ƙarƙashin tafin ƙafa, ta hau wuya ta naɗe shi sau biyu, mutane suka dafe nasu wuyan. Ya ɗan karkata kai, ta warware, ta tafi. Can ƙarshen fili akwai wani fure guda da ya rage a reshe, sai aka ga ya rabu da reshen yana saukowa. Kafin ya taɓa ƙasa mashin ya dawo, ya wuce ta bayan tsoho, ya sake fita ta ɗaya gefen, ya ɗauke ɗan maɓallin da ke tsakar hular waziri, hular ko motsi ba ta yi ba. Tsoho ya buɗe tafin hannu a bayansa, ba tare da ya juya ba, ƙarfe ya sauka a ciki caraf, kamar tsuntsu ya dawo sheƙa.

Ba wanda ya yi sowa. Wasu dogarai dai aka ga sun durƙusa ba su sani ba. Waziri yana ta shafa tsakar kansa. Sarki kuwa tsigar jikinsa ta tashi, don tun ranar da ɗansa ya faɗi bai ga wani abu ya ji yana da kyau ba sai yau, kuma kyawun ya yi masa ciwo.

Pang ya kwance idonsa. "Yanzu kai, ya sarki. Sauko ka tsaya nan, ka rufe ido. Duk inda ka ji tana nan, ka nuna da yatsa."

Sarki ya sauko ya tsaya a daidai inda ɗansa ya tsaya, ya rufe ido. Far-far-far ta dama, ya nuna. Ta koma baya, ya nuna. Ta hau sama, ta yi nisa, ta matso, yatsansa yana binta kamar yana ganinta. Ya ce, "Ashe da kunne ne."

"Da kunne ne. Kada ka buɗe. A ba ni ta yarima."

Sarki ya ji an kawo akwati, ya ji an buɗe. Ya kasa kunne. Ya ji kukan wata hankaka can nesa. Ya ji numfashin waziri. Ya ji bugun zuciyarsa. Yatsansa yana tsaye a iska bai san inda zai nufa ba. Ya ce, "Ka fara mana."

"Na daɗe da farawa, ya sarki. Buɗe idonka."

Ya buɗe. Zinariya tana kewayawa a gabansa, tana wucewa kusa da kuncinsa har gashin gemunsa na motsi, kuma ba ta da murya ko ta sauro. Tsohon ya rage mata tsawo, ya zuba mata ido bai ko ƙifta ba, gumi na bin goshinsa. Ya sassauta ta a hankali, ya bar ta ta faɗi a ƙasa, bai yarda ya tarbe ta da hannu ba.

"Na gaishe ta, ba ta amsa ba," in ji shi. "Bebiya ce. Alharini yana zamewa a hannu ya sa ta dawo da wuri, wannan gwani zai iya gyarawa in yana jin zuwanta. Amma an cire mata harshe. Ƙyallen nan shi ke gaya wa mai ita, ga ni nan tafe, kauce. Ni da na tsufa a kanta ba zan juya wa wannan baya ba. Dubi gindin ƙarfen, ya sarki, ga sauran zaren nan. Ba tsinkewa ya yi ba, wuƙa ce mai kaifi. Ka nemo mai wuƙar, in ka same shi ka tambaye shi ko da gangan ya yi."

Sarki ya sunkuya ya ɗauki tsinin. Ga ɗan guntun jan zare a maƙale, an yanke shi sumul. Hannunsa ya tafi da kansa ya taɓa 'yar wuƙar da ke ɗamararsa. Ya ji muryarsa ta ranar nan tana cewa, wannan tsumman fa. Ƙasa ta yi masa nisa, ya zauna daɓas a cikin ƙura, a gaban talakawansa.

Daga nan ƙasa ya ɗago ya dubi Duwan. "Ka sani?"

"Na sani, ya sarki."

"Shi fa?"

"Shi ma ya sani. Na roƙe shi ya fito da tsohuwar igiyarsa, ko ya bari in ɗaura wani ƙyallen. Ya ce, 'Yaya Duwan, baba da hannunsa ya gyara ta yadda yake so. In ya hango tsumma a kai zai ce kyautarsa ba ta yi mini ba. Wasa ɗaya ne, zan kula.' Na ce zan zo in gaya maka. Ya ce in na zo, bakin iyaka za a kai ni, shi kuma wa zai riƙa yi wa dariya? Ya sa na yi alkawari. Da na karya shi da yana nan. Wannan laifina ne, ban musa ba."

"Da na tambaye ka a fada, me ya hana ka faɗa? Wuyanka ne fa."

"Na dubi fuskarka, na ga in na faɗa, mutum biyu za a binne a gidan nan."

Sarki ya rufe fuska da hannu biyu. Sannan ya miƙe, ya ɗauki mashin zinariya ya miƙa wa Pang, ya buɗe wuyan rigarsa. "Hukuncina yana nan. Na ce wanda ya kashe ɗana da wannan za a kashe shi. Ga shi an same shi."

Tsoho ya naɗe hannuwansa a baya. "Ya sarki, har yanzu wanda za a kashe kake nema. Ƙauna ce ta riƙe wuƙar nan, ba a kashe mutum don ya so ɗansa ya yi kyau. Amma ƙyalle biyu ka yanke, ba ɗaya ba. Maƙerinka ya sani, Duwan ya sani, rabin mutanen da ke tsaye a filin nan sun sani tun ranar biki. Na farko ya riga ya ci maka ɗa. Na biyun, wato bakin mutanenka, yau ya kusa ci maka marar laifi, kuma shi ana iya mayar da shi."

Sarki ya juya ya dubi fadawansa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai, har waziri.

Ya taka zuwa turke. Da wuƙar nan dai ya yanke igiyar da aka ɗaure Duwan. Duwan ya murza hannuwansa, sannan ya sa ɗaya cikin ƙirjin rigarsa ya fito da wani abu a dunƙule. Jan ƙyalle ne, gefensa ɗaya a yanke sumul.

"Yarima ne ya tsince shi a fada bayan ka tashi. Da zai shiga fili ya ba ni, ya ce, 'Riƙe mini, in an gama biki sai mu mayar.'"

Sarki ya karɓa da hannu biyu, yadda ɗansa ya karɓi kyautarsa. Ya kai shi fuskarsa. Akwai sauran ƙanshin yaron a jiki, kaɗan. Nan ne ya yi kukan da bai yi ba a bakin kabari, Duwan yana riƙe da kafaɗarsa, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Pang ya mayar da igiyarsa ƙugu ya kama hanya. Sarki ya kira shi ya ce ya zauna a fada, a ba shi duk matsayin da yake so. Tsoho ya ce, "Masu magana kana da su, ya sarki, suna can suna jin sanyi a bakin iyaka. Ni hawa ne a gabana." Waziri ya bi shi da gudu yana tambayar maɓallin hularsa. Tsohon ya laluba hannun riga ya miƙa masa.

An ce sarki ya aika aka dawo da duk waɗanda ya kora saboda sun mayar masa da zance. Ya ɗaura ƙyallen nan a hannun karagarsa ta dama, inda yake ɗora hannu in zai yanke hukunci. Daga ranar, ba ya bari a zartar da hukuncinsa sai wani ya tashi ya faɗi abin da zai iya zama kuskure a ciki, in kuwa fada ta yi tsit, sai ya ɗage shari'ar, ya ce shirun nan ya san shi. Kofi biyu dai bai daina cewa a kawo ba, amma na biyun Duwan ke sha.

Wani baƙon sarki ya taɓa tambayarsa abin da tsumma ke yi a jikin karagar zinariya. Ya shafa ƙyallen ya ce, "Hukunci a hannun mai yanke shi yake ɗaure, kuma yana dawowa. Sarkin da ya yanke abin da ke yi masa ƙara a kunne, ba zai ji zuwansa ba."